Jirgin Bahaguwa a Kwamfutar Gidanmu

Ni bahaguwa ce. Tun ina ƙarama aka yi fama da ni a gidanmu na Ƙofar Durbi har na koyi cin tuwo da rubutu da hannun dama, amma duk abin da ba a tsaya a kaina an koya mini ba, hagu ke yin sa: yankan albasa, zura zare a allura, jifan akuya in ta shiga shanya. Na faɗi haka ne don a gane abin da ya shiga tsakanina da yayana.

Baba ne ya sayo kwamfutar lokacin da Yaya ya shiga jami'a, aka ajiye ta a ɗakin da ke jikin zaure. A cikinta Yaya ya sa wani wasa na tuƙin jirgin sama. Ba irin na harbe-harben nan ba ne. Mutum zai zauna kamar matuƙi, ga agoguna a gabansa, ga titin tashi, ya riƙe sandar tuƙi a hannu, ya ɗaga daga wani gari ya sauka a wani. Ya cika nasa da manyan jirage da ya yi ta tarawa. Ni kuwa na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako. In na kai masa abinci sai in tsaya a bayansa ina kallo har miyar ta huce.

Ran da na roƙe shi ya bar ni in gwada, ko juyowa bai yi ba. Ya ce, "In ba ni nan ki yi abin da kika ga dama. Amma nawa kada ki taɓa shi, na sha wuya kahin in gyara shi haka."

Na riƙe maganarsa. Da ya shiga hidimar jarrabawa ya daina zama a gida, sai na nemo fayil ɗin da ake sa wasan da shi, na sa wani sabo a folda dabam. Nasa na nan a wurinsa, ban buɗe ba. Nawa ba komai a ciki sai ɗan ƙaramin jirgi mai farfela ɗaya. Na mayar da sandar tuƙin hannun hagu. Sai na tarar maɓallan da ake yawan dannawa duk suna ɓangaren da hannuna na dama ba ya kaiwa da sauƙi, na bi su ɗaya bayan ɗaya na sauya musu wuri. Akwai wani maɓalli da ya yi mini nisa sosai, shi ne na naɗe tayoyi. Tunda ƙaramin jirgina ba ya naɗe taya, sai na ɗora wa maɓallin aikin kashe inji, don kada in taɓa shi bisa kuskure ina sama. A lokacin har yabon kaina na yi a kan wannan dabara.

Na faɗi ƙasa ba adadi kafin in iya sauka lafiya. Ran da na fara sauka jirgin bai karkace ba, na fito tsakar gida ina dariya ni kaɗai, Umma ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni.

Abin da ban sani ba shi ne, ko da wasan biyu ne a folda biyu, wuri ɗaya suke ajiye tsarin maɓallansu. Duk abin da na sauya a nawa ya sauya a nasa.

Ranar Asabar da ya gama jarrabawa ya zo da abokansa biyu daga Kambarawa, zai nuna musu babban jirginsa. Ina tsakar gida muna wanki da Umma, tagar ɗakin a buɗe, muna jin ƙugin injin. Jirgin ya ɗaga, Yaya ya danna maɓallin naɗe tayoyi, sai muka ji ɗif. Can sai ƙarar faɗuwa. Abokan suka kwashe da dariya.

"Kyaftin, ba ka sha mai ba ne kahin ka taso?"

Ya sake gwadawa, aka sake faɗuwa a wuri ɗaya. Ɗayan ya ce, "Wallahi ni dai ko kyauta ba ni shiga jirginka. Gara in hau ɗan acaɓa har Makka."

Da suka tafi ya ƙwala mini kira. Na shiga da kumfa a hannuna. Ya buɗe wurin tsarin maɓallan yana nuna mini da yatsa.

"Mi na ce miki? Ban ce kada ki taɓa nawa ba?"

Na ce, "Yaya, wallahi ban buɗe naka ba. Nawa na sa dabam."

Ya shuri kujera ta daki bango. Kwanon da ke kan tebur ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa. Ya yo kaina, hannunsa a sama, na manne da ƙofa na rufe fuska. Bai taɓa dukana ba tun da muka girma, kuma ranar ma hannun bai sauka ba, don Umma ta riga ta iso tana cewa, "Kai! Kai! Ɗiyar tawa za ka daka a kan wasa?" Amma na ga idonsa, kuma ban san mutumin da ke cikin idon nan ba. Har yau in na ji an ja kujera da ƙarfi sai gabana ya faɗi.

Ya koma ya zauna, ya jawo foldata, ya goge ta ina tsaye ina kallo.

Bayan Magariba Umma ta kai maganar gaban Baba. Ni ma na yi magana. Na ce kuskure ne, kuma yana da magani: a buɗe wa kowa mashigarsa a kwamfutar, da kalmar sirrinsa, kowane wasa ya riƙe tsarinsa. Na binciko haka a wayar Umma da la'asar ɗin nan, ina kuka ina karantawa.

Yaya ya ce, "Na san da wannan, Baba. Ba ni so ne kawai. Mi mace za ta yi da tuƙin jirgi?"

A nan na gane ba maɓalli ba ne matsalar. Da bai san maganin ba, da na yi masa uzuri.

Baba ya ce don karatu ya sayo kwamfutar, ba don mu yi ta yawo a sararin samaniya ba. Sai ya ƙara da cewa, "Amma dai ta gida ce." Ya tashi ya tafi masallaci. Yaya ya ɗauka shi aka ba gaskiya. Ni ma na ɗauka ni aka ba.

Washegari da hantsi, Yaya yana zaune a ƙofar gida yana wanke babur ɗinsa, na wuce ta gabansa na shiga ɗakin. Na bar ƙofar a buɗe da gangan. Na fara da mayar masa da maɓallansa yadda suke. Sannan na buɗe tawa mashigar, na sa wasan daga farko.

Wasan yana cikin lodawa na ga inuwar Yaya a bakin ƙofa. Ban juya ba.

"Tashi," in ji shi.

Na ce, "Naka na gyara maka, ka duba. Wanga nawa ne."

"In na sake goge shi hwa?"

"Sai in sake sawa, Yaya. Ka goge da safe, in sa da rana. Kai kana da makaranta, ni ba inda za ni."

Ya tsaya, ruwa na ɗiga daga tsumman da ke hannunsa zuwa kan siminti. Ina jiran kujera ta sake tashi, na riƙe gefen tebur. Sai ya yi tsaki, ya ce in na gama in kashe ta da kyau, kada in bar ta tana cin batir. Ya koma wurin babur ɗinsa.

Da ya fita na kifa kaina a kan tebur na ɗan jima. Bai goge ba, ranar ko bayanta. Da wasan ya gama lodawa na ɗago, na share fuskata da gefen mayafi, na jawo jirgina kan titi.