Kawu Rustem, Wanda Ya Kori Farin Wuya

Duk wanda ya kwana a Camdibi, ƙauyenmu na cikin duwatsu, ya san ba a komawa barci bayan sallar asuba, domin lokacin ne Kawu Rustem yake bi ta bayan gari yana rera waƙa. Muryar kuwa, Allah Ya ƙara masa lafiya, ko jaki ya ji sai ya kau da kai. Shekara da shekaru muna yi masa tsiya, bai fasa ba. Malamin daji ne, kuma beyar ɗin dutsen nan, ƙatuwar dabbar daji mai gashi da farce, ba ta son a faɗo mata babu sallama. In ta jiyo mutum daga nesa, da kanta take ba shi hanya. Haka zai haura da sandarsa da guntun burodin masara a aljihu, ya duba wayar lantarkin da aka kewaye amyoyin zuma da ita, ya tsuguna kan kashin beyar yana tonawa da tsinke don ya ga abin da ta ci. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, kuma na san ba mai zuwa daga birni ya rataya masa lambar yabo.

Tun da baƙi suka fara zuwa kallon beyar, shi yake kai su. Yakan zaunar da su a kan tudu, kwari guda tsakaninsu da dajin, ya miƙa musu madubin hangen nesa. Wata rana a gani, wata rana a sauko da ciwon gindi kawai. A cikin duk dabbobin akwai wadda ya fi so, wata mace mai farin gashi a wuya, wadda ya sani tun tana bin uwarta. Farin Wuya yake ce mata. Bara ta fito da 'ya'ya biyu, Rustem ya wuni yana washe baki kamar an yi masa jika.

Sadettin mai masaukin baƙi ne ya jawo mana masifar, kuma ba da mugunta ba. Mu mutanen nan abin kunya ne a gare mu baƙo ya tako ya koma bai sami abin da ya zo nema ba. Sadettin ya ga baƙinsa suna komawa fuska ba walwala, abin ya tsaya masa a rai. Sai ya shiga zuba tarkacen saƙar zuma da kawunan kifi a bayan gonar tuffa, dab da gari, bai gaya wa kowa ba. Farin Wuya ta ɗanɗana, ta dawo, ta kawo 'ya'yanta. Baƙi suka yi ta ɗaukar hoto daga baranda suna shan shayi. Kafin labari ya kai kunnen Rustem, ta riga ta daina tsoron warin mutum.

Da kaka ta kama, sai ta faɗa wa amyoyin Inna Gulizar, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar ta da ƙudan zuman nan kaɗai. Ta farfasa su kaf. Ɗanta Haidar ya shigo shagon shayi da bindiga a kafaɗa, idonsa jawur.

"Kawu, 'yarka ta gama da mu. Yau zuma, gobe uwata. Ko ka kashe ta ko in kashe ta."

"Zauna ka sha shayi, ɗana."

"Shayin me? Kai da ake biyanka ka yi wa namun daji waƙa!"

Aka yi dariya, amma gajeriya. Rustem ya ce, "In ka harbe ta yanzu, uku ka kashe. Yaran nan ba su san ko hanyar kogon da za su yi barcin hunturu ba. Ka ba ni zuwa saukar dusar ƙanƙara."

"Ba na ba ka ko zuwa gobe."

Washegari da hantsi ihu ya tashi daga gonar tuffa. Waɗanda suka ruga, ni ma ina cikinsu, mun tarar da abin da ya tsinka mana hanji. Ɗan beyar ɗaya yana maƙale a kan bishiya yana kuka. Wani dattijo cikin baƙin Sadettin ya lallaɓa har gindinta da na'urar hotonsa, bai san uwar tana bayansa cikin ciyayi ba. Ta miƙe tsaye, tana huci, tana haɗa haƙora kaf-kaf. Haidar ya durƙusa a bakin shinge ya saita bindiga. Ba wanda zai zarge shi a ranar, ran mutum ne a gaba.

Sai muka ji waƙar nan. Rustem ya tsallake shinge, ya taka a hankali ya tsaya daidai bakin bindigar, ya ba Haidar baya.

"Kawu, kauce! Wallahi zan harba!"

Bai waiwaya ba. Ya sassauta murya, ya sa maganar cikin waƙar don kada sautin ya canja: "Alhaji, kada ka gudu. Ajiye abin hannunka. Tako baya-baya, ka zo wurina." Dattijon ya ajiye na'urar, ya tako baya-baya. Rustem ya cafko rigarsa ya tura shi bayansa.

Nan Farin Wuya ta taso. Ban taɓa ganin abu mai nauyi haka da sauri haka ba. Wata mata ta saki salati. Rustem bai ɗaga sanda ba, bai ja da baya ba, waƙar ce kawai ta yanke. Beyar ta ci birki a gabansa, kusan da har numfashinta ya kaɗa masa riga, ta daki ƙasa da hannu biyu. Tsawon lokacin da suka yi a haka, ni dai ban numfasa ba. Daga nan ɗan ya sulmiyo daga bishiya, ta juya, ta tasa 'ya'yanta gaba suka shige daji.

Haidar ya sauke bindiga. "Kai mahaukaci ne, Kawu. Da na sa ka a kabari."

"Da ka huta da waƙata," in ji Rustem, sannan ya zauna daɓas a ƙasa.

Mutane wannan suke ba da labari, amma a wurina abin da ya biyo baya ya fi shi ciwo. Rustem ya san in ta sake saukowa ba mai iya tare mata harsashi. Ya sa Sadettin ya kwashe ƙazantar nan da hannunsa, ya tattara maza aka sake kafa wa Inna Gulizar amyoyi. Sannan ya ɗauki tsohuwar garwa da bindigar harsashin roba ya bi Farin Wuya. Duk inda ta doso gari, yana nan, ya buga mata garwa, ya ɗirka mata roba a cinya. Dabbar da ya yi raino da ido tun tana jaririya, ita ya yi ta azabtarwa har ta koma da ta jiyo shi sai ta arce. Na gan shi wata rana ya sauko da yamma, ya wuce shagon shayi, idanunsa sun kumbura.

Kawu Rustem, kai ne ka tsaya tsakanin bindiga da farce ba ka zaɓi ɓangare ba, ka fitar da kowa da ransa. Kai ne ka yarda abin da kake ƙauna ya tsane ka, don dai ya rayu. Mun yi maka dariya, mun kira ka uban namun daji, ba ka taɓa riƙe mu a zuci ba.

Makon jiya Haidar ya sauko daga makiyayar can ƙololuwa, inda dusar ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Ya tarar da Rustem a shago, ya tsaya a kansa yana sosa ƙeya.

"Kawu, na ga sawu. Babba ɗaya, ƙanana biyu. Gobe in kai ka? Ƙila ka gan ta kafin ka ajiye aiki."

Rustem ya daɗe yana juya cokali a kofi. "Da nisa daga gari?"

"Da nisa sosai."

"To, a bar ta can. In na gan ta, ita ma ta gan ni."

Mun gode, Kawu. Allah Ya saka maka, Ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma samarin da za ku gaji sandarsa, da mu masu karɓar baƙi, mu koyi abin da ya koya mana: in baƙo ya zo ganin beyar, a kai shi tudu ya hanga daga nesa, in bai gani ba a ba shi shayi da haƙuri. Kawu Rustem zai bar aiki bai sake sa Farin Wuya a ido ba, kuma da wannan ya biya kuɗin ranta.