Mutumin da Ya Kashe Nababa

Yayana Rilwanu ya yi shekara goma sha tara yana rubuta wa wani gidan talabijin wasan kwaikwayo, amma yau ko minti ɗaya na aikinsa ba za ka samu ka kalla ba. Kaset ɗin ɗaukar ba su da yawa. Da an nuna wasa ranar Asabar, Litinin sai a ɗora taron siyasa a kansa. Har gobe idan na tuna sai raina ya ɓaci.

A shagon ɗinkin babanmu a nan Lafia ya fara, a kan teburin yankan yadi. Kunne gare shi: cacar bakin da aka yi a kasuwa yau, mako mai zuwa za ka ji ta a bakin 'yan wasa. Cikin mutanen da ya ƙirƙira babu kamar Nababa, mai fataucin gishiri daga Awe, ga rowa ga son 'ya'ya. Lokacin talabijin biyu ne kacal a unguwarmu, ɗaya a gidanmu, ranar Asabar tsakar gidanmu ba masaka tsinke. Shekara huɗu ana yi, sannan Yaya ya kashe shi da ciwon kwana biyu, wai labari ya ƙare.

Da ya yi ritaya ya koma neman ko kaset ɗaya ya nuna wa jikokinsa. Babu. Takardunsa kuma gara ta cinye. Ya dawo ya ce mini, "Mardiya, kamar ban taɓa yin komai ba." Daga ranar ya daina zancen rubutu.

Bara ni da Yaya muna kan hanya muka tsaya garin Assakio sayen doya wurin wata dattijuwa, Ursula. Ni da ba na iya riƙe baki, na ce mata ai wannan ne ya rubuta wasan Nababa. Ta ajiye doyar, ta ƙare masa kallo.

"Kai ne ya kashe shi? Oga, ba ka kyauta ba. Yarinyansa ko aure bai yi ba! Ni da mamana mun yi kuka sotay har abinci ya ƙone."

Ta ce ba za ta sayar wa irinsa doya ba, mu ƙara gaba. Da gaske take.

Muka koma mota ba doya. Ina ta masifa, na waiwaya na ga Yaya yana dariya yana share hawaye. Ya ce, "Kin ji ko? Shekara ashirin, har yanzu ba ta huce ba."