Kwalaben Gwaggo Mai Rariya

Shekara ashirin da shida ina tuƙa jirgin ofishin binciken tafki, kuma fasinjata ɗaya ce, Gwaggo Mai Rariya. Ba gwaggon kowa ba ce a cikinmu, amma wa ya isa ya kira ta da wani suna?

Aikinta ɗebo laka. Mu je tsakiyar ruwa, a zura maɗebi har ƙasa, a jawo, ta juye a rariya ta wanke. Abin da ya rage, tsutsa ce ko dodon-koɗi, ta tsince ta ƙirga, ta zuba a kwalba, ta rubuta wuri da rana. Su kifi ke ci ya rayu. A da, wallahi, rariyar har motsi take yi. Yanzu sai mu zaga wuri biyar ba ta samu ko ɗaya ba.

To ga halinta: ko ba ta samu komai ba, sai ta ɗauko kwalba, ta rubuta wuri da rana, ta toshe, ta jera a kan kantar ofis.

Aka kawo mana sabon shugaba, mai son rahoton da ba ya ɗaga wa kowa hankali. Ya ce a daina zuwa wuraren da ba komai, a wanke kwalaben wofin nan a sake amfani da su.

"Ranka ya daɗe, ba wofi ba ne," in ji Gwaggo. "Na je, na duba, babu. Wannan daban, ban je ba daban."

"Ko ki wanke su, ko ki ajiye aiki."

Na ja ta gefe. "Gwaggo, ki rufa wa kanki asiri. Saura shekara biyu ki yi ritaya."

Ta watsa mini harara. "Ji shi, gemu har ƙirji, zuciya ta kaza. Kwalaben nan ne shaidar abincin kifi ya ƙare. In aka wanke su, gobe a ce masunta ne suka ƙarar da kifin, a hana su shiga ruwa. Ɗanka ba masunci ba ne?"

Na ji kunya, na kuma ji haushi, don gaskiya ta faɗa.

Ranar Alhamis ta ajiye aiki. Ranar Juma'a aka wanke kwalaben, kuma ni ɗin nan aka sa na kankare rubutunta. Allah ya yafe mini.

Litinin da safe na tarar da ita a bakin ruwa, da guga da igiya da buhun tsofaffin kwalabe.

"Gwaggo, an wanke su," na ce. "Duka."

"Na sani, na ga hannunka ya yi fari. Kira mini ɗan naka ya kawo kwale-kwale. Daga ɗaya zan fara."