Uwa da 'Ya'ya a Kwalin Ashana

Yayata, wadda unguwa ke kira Mai Dashe, shekara arba'in ta yi tana rainon itatuwa a bayan gida. Gwangwanin madara, tsohuwar buta, bokitin da ya huje, duk sai ta cika su da ƙasa ta dasa wani abu. Rabin inuwar unguwar nan daga hannunta ta fito. Amma ɗan lelenta shi ne lemon tsamin bakin rijiya, don shekarar da ta haifi 'yar farinta ta dasa shi.

To, wata shekara sai ganyen lemon ya kama nannaɗewa, yana danƙo. Ta juya bayan ganye, sai ga ƙananan ƙwari kore birjik, a tsakiyarsu kuma wani baƙi mummuna mai ɗigon ja, kamar ɗan kada. Ta ce, "Ke ce uwar ɓarna, ga 'ya'yanki nan!" Daga ranar duk baƙin da ta gani sai ta murƙushe shi da silifa. Lemo kuwa sai ƙara lalacewa yake.

Mijinta kafinta ne, shi kuwa komai ya gani katako ne. Ya wasa zarto ya jingine a ƙofar ɗaki.

"Uwargida, a sare shi kafin ya shafa wa sauran dashen."

"Maigida, ka fara da ƙafata."

Da ƙyar suka daidaita: za a aika ƙwarin ofishin binciken amfanin gona. In aka ce ba magani, zarto ya ci.

Malamin gonan da ta nemi shawararsa ya ce ta jefa su a kwalbar sifirit su mutu tukuna. Ta ce, "Ɗana, ka taɓa ganin likita ya duba gawa ya ba ta magani?" Sai ta nemo kwalin ashana, ta sa ganye uku cike da korayen, ta ɗora baƙar uwa guda a kai, ta huda murfin da allura don su sha iska, ta ba wani direba mai zuwa garin da ofishin yake.

Direba ya mance da kwalin a aljihun mota kwana biyar. Kwana biyar ɗin nan kafinta kullum sai ya gwada kaifin zarto a gabanta yana fito.

Rana ta shida waya ta yi ƙara. Wata ma'aikaciya ce daga ofishin, dariya ta hana ta magana.

"Mama, mun buɗe kwalinki. Ƙwaro ɗaya muka tarar, ya yi ɓulɓul."

"'Ya'yan fa? Waɗanda na sa sun fi ɗari!"

"Ai ba 'ya'yansa ba ne, Mama, abincinsa ne. Ya lashe su tas a hanya, ɓawonsu kawai ya bar mana. Korayen su ke tsotse miki ganye, shi kuwa baƙin mai gadinki ne. Akwai irinsa da yawa a lambun?"

Yaya ta dubi silifarta.

"Da dai akwai."

Ma'aikaciyar ta ce ta daina kashe su, ta wanke ganyen da korayen suka fi yawa da ruwan sabulu kaɗan, sauran aikin ta bar wa masu gadi. Kafin wata biyu lemo ya yi sabon toho. Kafinta ya rasa abin yi da zartonsa mai kaifi, sai ya yanko katako ya yi mata benci a gindin itacen, yana cewa, "Ai da ma ni benci na yi niyya."

Har ta tsufa a kan bencin nan take sayar da dashe. Duk wanda ya saya sai ta juya masa ganye, ta nuna masa mummunan baƙin nan, ta ce, "Wannan kyauta ne. Kada ka duba fuskarsa, ni ma haka na samu maigida."