Gado Mai Ƙafa Uku

Tartsatsi ake ce masa, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai yi ƙarya ba. Mai walda ne tun yana saurayi. Rigunansa duk huji-huji ne na ƙuna, ga faɗa, ga rashin zama wuri ɗaya. Ko abinci a tsaye yake ci. Matarsa takan ce da za a ɗaure shi a kujera, da kujerar zai tashi.

Rannan yana tsaka da haɗa gadon jariri, don Auta, 'yarsa, tana ɗauke da cikin fari, sai kawai ya yanke jiki ya faɗi. Ƙafa uku ya haɗa, ta huɗu tana jingine da bango. A asibiti aka ce zuciyarsa ce take bugawa tana tsayawa. Aka dasa masa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji, ba ta kai kwalin ashana ba, da siririyar waya zuwa zuciya. In zuciyar ta yi nawa, sai na'urar ta zungure ta.

"Baba, irin ta zamani ce," in ji likita. "Hau mota, kalli talabijin, yi wayarka da kunnen dama. Amma injin walda, ka yi nesa da shi. Wutarsa tana ruɗa na'urar, in ta ruɗe kuwa zuciyar ba ta da mai tashinta."

"To ka ce in daina numfashi mana, likita!"

Ya dawo gida jiki garau, rai a jagule. Ya zauna, ya tashi, ya leƙa ƙofa, ya dawo. Ya ɗaure kusoshin tagogin da ba su kwance ba. Ya dami matarsa da cewa hannun tukunyarta ya karkace, har ta ce don Allah ya fita ya sha iska. Sai ya tafi shagonsa na walda, wanda ƙanensa yake riƙe da shi yanzu, ya tsaya a tsallaken titi yana ɗaga murya: "Rage wuta! Kai, za ka huda ƙarfen mutane!" Gadon kuwa ya hana kowa taɓawa. Jikansa na fari ya kwanta a aikin wani? Ina!

Wata rana da hantsi ƙanen ya fita sayen ƙarfe. Tartsatsi ya tsallaka titi, ya shiga, ya jawo gadon. Ya sa baƙin gilashi, ya maƙala sandar walda. Ɗan aikin da bai taka kara ya karya ba, kafin na'urar ta farga ai ya gama. Hannunsa na kan makunni sai ya ji takun mutum.

Auta ce, da ƙaton cikinta, tana haki. Uwarta ce ta kira ta da ta ga ba gilashin a inda yake rataye. Ba ta yi kuka ba. Ta zo ta tsaya daf da shi, ta dafa gadon.

"Kunna, Baba. Ina nan tsaye. In ka faɗi, in gani da idona, don in san abin da zan faɗa wa yaron in ya tambayi wanda ya yi masa gado."

Wallahi tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko a ɗakin tiyata. Sannan ya ajiye sandar, ya cire gilashin, ya goge ido, wai hayaƙi ne. Ba a ma kunna komai ba.

Da ƙanen ya dawo, shi ya haɗa ƙafa ta huɗu, Tartsatsi na tsallaken titi yana ta masifa. Aikin ya fito da tudu-tudu. Tartsatsi ya shafa wurin da babban yatsa, ya yi tsaki, ya ɗauko magagari, abin goge ƙarfe da ba ya buƙatar wuta. Ya jawo benci ya zauna yana gogewa a hankali, don kada tudun ya karce ƙafar jariri.

Da matarsa ta kawo masa abinci, sai ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da kwano tana kallonsa. Tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya zauna haka ba.