Gurbin da Na Cire

Shekara uku na yi ina aiki daga zauren gidanmu a Kiru, kwamfuta a kan cinya, ni kuma a bakin taga, don nan ne kawai sabis yake kamawa. Kamfanin yana da gungun injina a wani ɗaki mai sanyi a birni, suna haɗa ƙarfi kan aiki ɗaya. Ni aka ba tsara saƙon da kowane inji zai riƙa aika wa manhajar da ke sa musu ido. Aikin nan ne ya ba ni damar zama kusa da Baba bayan gwiwa ta fara ba shi wahala, don haka na riƙe shi hannu bibbiyu.

Kashi biyu na yi saƙon. Na farko gabatarwa ce: sunan inji, abin da ake aunawa, zafi ne ko cikar ma'ajiya, da irin ma'aunin. Na biyu lamba ce kawai da lokacin da aka ɗauke ta. A tsarin farko akwai gurbin wa'adi, wato tsawon shirun da za a lamunta kafin a ce ba lafiya. Na cire shi. Na ce inji ya yi magana idan lambarsa ta canza, in ba ta canza ba ya ja bakinsa. Mutumin da ya saba tattalin data kamar gishirin damina, me za a tsammata daga gare shi? Injinan ba su san tsadar data ba, ni ne na shafa musu rowata, har ina alfahari.

Sai wani inji ya mutu ranar Alhamis. Allon manhajar ya ci gaba da nuna lambarsa ta ƙarshe, kore shar alamar lafiya, har Litinin. Aikin kwana huɗu ya lalace. Shugabarmu ta rubuto tana tambaya ko masu kula da ɗakin ne suka yi sakaci. Na san ba su ba ne, na kuma san in na yi shiru a kansu za ta ƙare. Tsoro ya kama ni, na yi shiru.

Washegari na goya Baba a babur kamar kullum. Yana da zagayen gaisuwa da safe, gida biyar, tsofaffin da suka taso tare. Na sha yi masa tsiya a kai: jiya lafiya lau, yau lafiya lau, to ina labarin? A gida na huɗu, na wani tsohon maɗinki da ke zaune shi kaɗai, ya yi sallama sau uku ba amsa. Na ce wataƙila ya fita.

"Kai wannan," in ji Baba, don ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, "ba wataƙila na zo ji ba. Shiga ka duba."

Na tarar da tsohon a kan tabarma, zazzaɓi ya kayar da shi, yana jin sallamar amma muryar ta ƙi fita. Muka kai shi asibiti, cikin kwana biyu ya miƙe. Baba bai yi mini wa'azi ba, kunya ce ta yi mini.

Da hantsin ranar da muka kai shi asibitin na mayar da gurbin wa'adi. Na ƙara cewa kowane inji ya aiko saƙo a kan lokaci ko lambarsa ba ta motsa ba, in wa'adi ya wuce allo ya daina nuna tsohuwar lamba, ya ce ba a ji daga gare shi ba. Sannan na rubuta wa shugabarmu cewa laifin nawa ne, masu kula da ɗakin ba su da hannu.

Bayan la'asar na gaya wa Baba komai. Na ce suna iya sallamata, in haka ta faru sai na koma Kano neman wani aikin. Ya daɗe yana murza gwiwarsa.

"Ka yi daidai," ya ce. "In tafiyar ta kama, ka riƙa kirana kullum. Ko babu labari."

Ba su sallame ni ba. Amma tun da na yi wayo, wannan ne karon farko da Baba ya roƙe ni wani abu don kansa.