Tankin Kifin Anti Balkisu

Yau da safe ina ɗaura ɗankwali Inna ta leƙo ɗaki ta ce, "Safiyya, Anti Balkisu ta cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Maƙwabciyarmu ce a Ƙofar Marke. Ita ce mai tankin kifin nan na gilashi da nake yawan ɗora muku hotonsa, mai ciyayi kore shar a cikin ruwa kamar lambu.

Kun san ni da kunya. Aike ne ya fara kai ni gidanta, na tsaya gaban gilashin har na manta saƙon da aka ba ni. Ba ta yi mini dariya ba, kujera kawai ta turo mini. Tun daga nan duk bayan la'asar ina can da littafin soyayyata, ita kuma tana goge gansakuka daga jikin ganye da tsohon buroshin haƙori, a hankali, kamar mai yi wa amarya lalle.

Ban taɓa ganin mai haƙurinta ba. Na ce mata me zai hana ta zuba magani ta huta? Ta ce, "Ɗiyata, gansakuka 'yar rahoto ce. In kin gan ta, ko haske ya yi yawa, ko abinci."

Ganina da ita na ƙarshe tana kwance, ana shirin kai ta asibiti. Duk da haka sai da ta tsokane ni: "Yarinyar littahin naki ta samu mijin kuwa, ko har yanzu kuka take?" Na rufe fuska da hijabi. Sannan ta nuna tankin ta ce, "In ya yi kore, ki rage ruwan ki ƙara sabo, ki lulluɓe shi da baƙin zane kwana kaɗan. Ban da abinci, ban da leƙe. Tausayi ke kashe su."

Ai kuwa maganarta ta tabbata. Da tana asibiti, mutanen gidan suka riƙa barin fitilar tankin a kunne dare da rana, kowa ya wuce ya watsa musu abinci, wai kada kifin Anti su kwana da yunwa. Da na je gaisuwa ɗazu, ruwan ya koma kamar miyar kuka, ko kifi ɗaya ba a hangowa.

Yayar mijinta ta ce a fitar da shi a zubar, masu gaisuwa su samu wurin zama.

Falo cike da manyan mata. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, sai na ji muryata tana cewa, "Hajiya, don Allah a ba ni shi. Suna da rai."

Ta dube ni ta ce, "Ke ce mai littahin nan? To ɗauki abinki."

Yana ɗakina yanzu. Ban san nawa ne za su tsira ba, kuma babu wadda zan ruga in tambaya.

Ya Allah Ka gafarta wa Anti Balkisu, Ka yalwata kabarinta, Ka saka mata da Aljanna Firdausi. Duk wanda ya karanta, don Allah ya yi mata addu'a ko sau ɗaya ne. Ku haɗa da ni ma, Allah Ya ba ni ikon riƙe amanarta.